Burtun Hammawa

Sunan mijina Hammawa. Yau da ba ya duniya zan iya kama sunan da bakina, ba mai cewa na yi rashin kunya. Jaji kuma yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Ya Gana, wadda Allah ya ajiye tsakanin mutanen nan biyu tun ina budurwa har furfura ta gama da kaina. In za a bi gaskiya, ko ɗayansu bai taɓa zama nawa ba. Na daji ne su duka, ni dai mai dafa abin da suka kawo ce.

Kakanninmu daga wajen Yobe suka taso suka zauna a wani ɗan ƙauye a bakin fadamar Katagum, inda kogi ke malala da damina ya janye ya bar tafkuna da ciyawa. Mu Barebari ne. Hammawa kuwa Bafillacen gida ne, irin wanda ko tunkiya bai taɓa korawa kiwo ba. Tun suna yara suke tare, daga tarkon kurciya suka koma haƙar gafiya, daga nan sai bindiga. Aurena ma ina zargin don kada su rabu aka ƙulla shi, domin ranar da aka kai ni ɗaki ango yana can bakin tafki da yayan amarya suna dakon dinya, agwagwar ruwa. Kun san wasan Fulani da Barebari. To, nasu ya wuce na kowa, ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba.

"Ɗan Fillo, da yunwa ka kwana, ko ƙanwata ta ji tausayinka?"

"Babarbare, bawana, zo ka ɗaukar mini jaka."

Gaisuwar ke nan, safe da yamma.

Kowannensu da tasa baiwar. Jaji ido gare shi. Yana tsaye a wannan gaɓar zai ce muku ga kunnen zomo can a gindin sabara a wancan ƙetaren, a yi ta musu, a je a tarar da zomo. In ya ɗaga bindiga kuwa ki ɗora tukunya kawai. Hammawa bai kai shi saiti ba, shi da kansa ya sani, amma shi ne mai burtu.

Yaran yanzu ba su san burtu ba sai a baki. Wani baƙin tsuntsu ne ƙato mai dogon baki, yana takawa a ƙasa a hankali yana tsince-tsince, kuma zabbin daji da gada ba sa gudunsa. Maharbi yakan sami kan tsuntsun, ya haɗa shi da wuyan itace a naɗe da fata, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya bi ciyawa da rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, har ya shiga tsakiyar zabbi suna kallonsa a matsayin maƙwabci. Na Hammawa gadon kakansa ne. Ina amarya na fito da safe na tarar da mutumin da aka ce shi ne mijina yana rarrafe a tsakar gida cikin kajina, da kan tsuntsu a goshi, yana caccakar ƙasa. Na koma ɗaki na yi kuka mai isata. Daga baya na saba, har ni ce ke gaya masa in ya cika sauri ko ya ɗaga baya da yawa. Gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi, wandunan da na yi wa faci kuwa Allah kaɗai ya san yawansu.

Zabbi sun yarda da shi, fakara ta yarda, har tuje mai wayo ya yarda. Jaji ne kaɗai bai yarda ba.

"Burtun nan naka tsuntsaye kawai yake ruɗa," in ji shi. "Ni ko cikin garken burtu ka shiga zan nuna ka. Ƙugun Bafillace ba ya ɓuya."

Hammawa ya ɗauki wannan magana da zafi fiye da yadda yake nunawa. Ya sha laɓaɓowa ta bayan Jaji a daji, ya ɓata rabin yini yana rarrafe don dai ya ruɗe shi sau ɗaya, amma kullum ƙarshenta sai ya ji hoge a gadon baya da dariyar yayana. Ya dawo gida yana karkaɗe ƙasa yana cewa, "Akwai rana." Ni kuma in ce masa manya da su, da 'ya'ya, ba sa jin kunya.

Haka muka tsufa. Dajin ma ya tsufa tare da mu, ko in ce an cinye shi. Inda suke kwanton barewa ya zama gonar riɗi, bakin tafki ya cika da shinkafa da kankana da ƙarar injin ban ruwa. Abokan farautarsu wasu suka mutu, wasu suka koma gadi a Azare. Burtu kuwa ya ɓace ɗungurungum, aka daina ko jin kukansa da asuba. Kan burtun Hammawa ma ya tsage a baki, ƙwari suka ci fatar wuyan. Ya liƙe da ƙaro, ya ɗaure da zare, daga baya har gam ɗin kanti aka sayo masa, amma abin ya ƙi. Ga gwiwa ta fara ciwo. Ya sa shi a kwando ya rataye a ɗaki, ya koma bin Jaji da ƙafa kamar kowa.

A ranar da ya rataye shi Jaji ya zo cin tuwo, ya ɗaga kai ya dubi kwandon, bai yi tsiya ba, ya ce, "Ɗan Fillo, kafin in mutu sai na samo maka sabon kai. Na yi alkawari." Muka yi dariya, don mun san babu burtun da ya rage a ƙasar nan. Shi bai yi dariya ba. Duk Bafillatanin da ya sauko da shanu daga gabas sai ya tsare shi ya tambaye shi ko ya ga burtu a hanya.

Ni na fara lura da idonsa. Tunda matarsa ta rasu a gidana yake cin abinci, to sai na ga yana miƙa hannu ya wuce kwanon miya. Na ga ya yi wa turmi sallama da magariba. Da na matsa kusa da shi a rana na ga wani fari-fari ya kwanta a ƙwayar idon, kamar an ɗiga koko. Na ce, "Yaya, yanar ido ce fa ta fito maka." Ya ce hayaƙin murhuna ne, in daina hura ɗanyen itace.

Ɗansa Abdulrahim yana koyarwa a Azare. Na sa aka kira mini shi a waya, ya hawo mota ya zo. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, aikin nan ba wani abu ba ne. Ana yi a Azare, da safe a yi, washegari ka ga gari." Jaji ya ce shi ba za a ƙwaƙule masa ido a sa masa na roba ba, kuma ma idonsa garau yake, in yaron yana musu ya je ya tsaya can gindin kuka ya ɗaga yatsu. Abdulrahim ya ji nauyin ubansa bai je ba. Da ma ya je.

Ba tsoron wuƙa ba ne, ni na san yayana. Mutumin da duk ƙasar Katagum ta sani da ido, ranar da ya buɗe baki ya ce ba ya gani, me ya rage masa? Ba shi da mata, ba shi da gona ta kirki, hira ma in ba ta daji ba ce bai iya ba. Na tausaya masa, amma tausayin bai hana ni jin tsoro ba, domin makaho da bindiga ba abin wasa ba ne.

Da kaka ta yi ya harbe maraƙin wani makiyayi, wai gada ce. Aka kai magana gaban mai gari aka sasanta. Bai yi wata guda ba sai ga wata baiwar Allah daga ƙauyen da ke gaba da mu ta yi sallama a gidana. Ta kwance damin kabar da ta yanko ta nuna mini inda dalma ta huda shi. Ta ce tana sunkuye tana ɗauri ta ji harbi, damin ne ya tsare ta. Ta ce, "Iya, don girmansa ban kai ƙara ba. Amma ina da goyo a gida." Na rasa inda zan sa fuskata.

Za ku ce me ya hana a karɓe bindigar. Haka ni ma na ce. Amma maharbanmu suna da tasu al'ada: ba a karɓar bindigar maharbi yana numfashi. Ko ya rataye ta da hannunsa, ko a same ta cikin kayan gado. Wanda aka karɓe wa kuwa an gaya masa ya mutu ke nan. Ni ba maharbiya ba ce, don haka na faki idonsa na ɗauke ta na tura ƙarƙashin rumbu. Bai yi faɗa ba. Zuwa ya yi ya zauna a ƙofar ɗakina, bai ci ba, bai sha ba, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Hammawa ne ya shigo ya ce, "Ya Gana, ba shi abinsa. Ba haka ake yi ba."

"To yaya ake yi? Sai ya kashe uwar wani?"

"Ki bar ni da shi."

Abin da ya fara yi shi ne ya karɓe ɗurin bindigar. Irin tasu ta gargajiya ce, ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura tsumma, a zuba dalma, a sake tura tsumma a daddanna da sanda. Ya ce wa Jaji Barebari ba su san tattali ba, yana ƙarar musu da albarushi, daga yau shi zai riƙa ɗura masa. Jaji ya zage shi ya miƙa masa. Ya kuma daina barinsa ya fita shi kaɗai. Duk inda za su yana gefensa, yana cewa wancan jaki ne, wancan mutum ne, cikin sigar tsokana. Amma mutum ba ya zama inuwar wani har abada, kuma Jaji ya fara sulalewa da sassafe shi kaɗai don ya nuna ba ya bukatar ɗan jagora.

Wata ranar Laraba da yamma na shigo ɗaki na tarar Hammawa ya sauke kwandon nan. Yana zaune da kan burtu a cinya yana shafa masa man gyaɗa, yana murmushi shi kaɗai. Na san murmushin nan.

"Malam, me za ka yi da wannan?"

"Maganin yayanki. Babarbare ba ya jin magana, sai abin da ya taɓa da hannunsa. Na gaya masa wani makiyayi ya ga burtu a gindin kanyar nan ta bakin tafki. Na kuma ce gobe zan yi sammako zuwa Chinade gaisuwar mutuwa. Kin san ba zai iya haƙuri ba, zai tafi shi kaɗai don ya ba ni mamaki."

"Sai kuma me?"

"Sai ya tarar da burtu." Ya ɗora kan a goshinsa ya sunkuyar. "Na riga na ɗura masa bindigar ɗazu. Albarushi da tsumma kawai, ko ƙwayar dalma babu. Zai harba, hayaƙi ya tashi, ni kuma in miƙe in ce, Babarbare, ka kashe mijin ƙanwarka. Daga nan ba sai kowa ya roƙe shi ba, da hannunsa zai rataye ta."

Na ce masa wannan wauta ce. Na ce tsoho da jikoki ba ya kai kansa bakin bindiga, ko da ruwa aka ɗura mata. Na ce a sake kiran Abdulrahim, a haɗa da liman, a haɗa da mai gari. Ya ce duk an yi, me ya fito? Ya ce shekara nawa yana ɗura bindiga, ya san abin da albarushi zalla ke yi, daga nesa ko gashin ido ba ya ƙonawa. Sannan ya ce Jaji bai taɓa duba abin da ya miƙa masa ba tun suna yara, ko guba ya ba shi zai haɗiye. Wannan kam gaskiya ne.

"Kuma ke ma za ki zo," in ji shi. "Ki tsaya bayan gonar shinkafa. Yayanki gardama gare shi, in babu shaida zai ce tun daga nesa ya gane ni."

A nan na gane ba maganin ido kaɗai ke ransa ba. Tsohuwar gasar nan tasu ce ta taso, yana so ya ci ko sau ɗaya kafin su mutu. Na ce ba inda za ni, na juya masa baya.

Da gari ya waye, bayan ya fita da ƙunshinsa a hammata, na kasa zama. Na ɗora koko na sauke, na ɗauki mayafi na bi hanyar fadama ina faɗa ni kaɗai. Rana ta ɗan ɗago, raɓa ba ta bushe ba. Na tsaya a kan kunyar da ta raba shinkafa da ciyawa, inda nake hango kanyar.

Na ga burtu. Wallahi na san mijina ne, ni na wanke baƙin zanen, amma sai da zuciyata ta yi shakka. Yana fitowa daga ciyawa a hankali, ya sunkuya ya tsinci wani abu, ya ɗaga kai ya karkata shi gefe kamar mai sauraro, ya sake takawa. Ciwon gwiwa ya tafi, tsufa ya tafi. Wasu fakaru suna kiwo kusa da shi ko ɗaga kai ba su yi ba. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya yi kyau irin na wannan safiya ba, har na ji haushin kaina da nake jin daɗin kallo.

Can na hango Jaji ta ɗaya gefen, a duƙe, yana tafe yana laluben ƙasa da ƙafa. Ya tsaya. Ya daɗe yana leƙe, yana matse ido. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya ɗaga bindiga.

Matar maharbi ta san muryar bindiga. Ta albarushi zalla faɗi gare ta, buf, kamar an kaɗe tabarma. Wannan kuwa tsagewa ta yi, kau, har tsuntsayen tafki suka tashi gaba ɗaya. Tun kafin hayaƙin ya washe na san akwai dalma a ciki.

Burtu bai miƙe ba. Ya kife a gefe.

Ina gudu ina faɗuwa cikin taɓo, ina jin muryar yayana yana ihu da murna irin wadda rabona da ji tun muna yara. "Na same shi! Na samo wa Ɗan Fillo kai! Allahu akbar, na cika alkawari!" Ya riga ni isa. Na ga ya durƙusa yana dariya, ya kai hannu ya damƙi wuyan tsuntsu, ya ji itace. Ya shafa ƙasa da haka ya ji zane. Ya shafa ya ji kunnen mutum. Dariyar ba ta tsaya nan take ba, sai da ta ɗan ci gaba a bakinsa, sannan ta koma wani sauti da ba na fatan in sake ji.

Dalmar ta shiga ta gefen wuya da kafaɗa da ƙirji. Masu ban ruwa suka taho a guje, aka naɗe shi a baƙin zanen aka fitar da shi bakin hanya. Allah ya kawo wata a-kori-kura da ta ɗauko kankana za ta Azare, aka sauke rabin kayan aka shimfiɗa shi. Na ɗora kansa a cinyata na danne raunin da mayafina. Jaji ya zauna ta wajen ƙafafu ya riƙe su da hannu biyu, kamar wani zai ƙwace masa.

Hanyar nan tana da nisa, ranar kuwa ta ƙi ƙarewa. Mun yi tafiya mai tsawo kafin Hammawa ya buɗe ido.

"Babarbare."

"Na'am," in ji Jaji. Ban taɓa jin ya amsa masa da na'am ba.

"Wa ya ce ka taɓa mini ɗuri?"

Jaji ya ce, "Yanzu komai da hannu nake dubawa. Tunda idon ya... komai sai na taɓa. Na zura sanda a hanya na ji ɗurin bai kai inda yake kaiwa ba. Na ce Ɗan Fillo ya tsufa, ya manta dalma. Na ɗebo daga jakar burgamina na zuba. Na ce in na dawo da kan sai na yi maka tsiya a gaban mutane." Motar na jijjiga mu, a hankali ya ce, "Ba mantawa ka yi ba."

Hammawa ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi, na share masa baki.

"Ka ce ba zan taɓa ruɗinka ba."

Jaji ya kifa goshinsa a kan ƙafafun.

"To, na ruɗe ka. Ya Gana shaida ce." Ya ɗago ido ya dube ni. "Ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, Malam. Ni ma sai da ka ruɗe ni." Ya ji daɗin wannan, na gani a fuskarsa, kuma har yau ban san ko in gode wa Allah da na faɗa masa ba ko in ji haushi.

Daga nan bai ƙara wasa ba. Ya ce wa Jaji, "Ka je su duba maka idon." Ya ce mini in yafe masa, in gaya wa 'yarmu Suwaiba ba laifin kawunta ba ne. Sai ya koma salati. Mun isa asibiti a Azare da ransa, ma'aikata suka karɓe shi da gudu, sun kuma yi iya yinsu. Kafin la'asar ya cika. A can aka yi masa sutura aka binne shi, a garin da bai taɓa yarda ya kwana ba in ba dole, tsakanin katangu da ƙarar mashina, nesa da ko wane tafki.

Hukuma ta yi tambayoyinta, na faɗi abin da na gani da abin da aka gaya mini ranar Laraba. Ni da Suwaiba muka ce mun yafe. Da baki na faɗa, zuciyar kuwa ta daɗe ba ta bi ba. Na yi fushi da Jaji da taurin kansa. Na yi fushi da Hammawa fiye da haka, mutumin da ya san yayana ciki da waje amma ya manta cewa wanda ido ya ƙi, hannu yake komawa. Duk tsawon takabata ban yi wa Jaji magana ba. Abinci dai ina aika masa, don in ban aika ba babu mai ba shi. Kwanon yakan dawo kusan yadda ya tafi.

Ana saura kwanaki in fita takaba na ji sallamarsa a tsakar gida. Ya shigo yana bin bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bindigar na hannunsa. Ya lalubi ƙofar ɗakina ya jingine ta, ya ajiye burgamin a gefenta.

"Gana, ga ta."

Abin da na yi ta roƙo ke nan, na yi faɗa, na yi sata a kansa, ga shi an kawo mini har ƙofar ɗaki ba wanda ya tilasta. Dabarar Hammawa ta yi aiki yadda ya ce za ta yi. Na dubi bindigar na dubi yayana, kukan da na riƙe tun daga asibiti ya ƙwace mini. Ya zauna a ƙasa nesa da ni, muka yi ta yi, ba mai ba wani haƙuri.

Bayan sallah Abdulrahim ya zo ya tafi da shi Azare. Wannan karon bai yi musu ba, cewa ya yi wasiyya ce. Na bi su. Aikin da muka yi ta tashin hankali a kansa, aikin da ya ci ran mijina, bai kai daɗewar dafa ɗanwake ba. Washegari aka cire masa auduga, ya dube ni ya ce, "Gana, ashe kin tsufa haka." Daga baya aka yi ɗayan idon.

Yanzu idonsa garau, shi ke zura mini zare a allura. Kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gidana, ya ba fadama baya. In tsofaffin maharba sun biyo suna hirar daji sai ya tashi ya shiga masallaci.

Rannan yana cin tuwo ya ɗaga kai ya ga kwandon a rataye. Wani mai ban ruwa ne ya tsinto kan burtun a gindin kanya ya kawo mini tun ranar sadakar uku, na mayar da shi wurinsa ban ko duba ba.

"Sauko mini da shi."

Na ce ya bar shi. Ya ce don Allah. Na sauke na miƙa masa. Ya fita da shi tsakar gida inda rana take, ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya bi bakin da yatsa, ya bi wuyan, ya duba inda aka liƙe da gam da inda aka ɗaure da zare. Tsohuwar tsagar nan ce kawai. Babu huda ko ɗaya, babu ko ƙwarzane.

"Kin gani," in ji shi. "Ban taɓa shi ba."

Na ce na gani.

"Inuwa kawai nake gani a lokacin, Gana, baƙi-baƙi. Amma na ga inda wuyan ya ƙare. Sai na sauke hannu ƙasa da nan, don kada in ɓata masa kai."